Within Temptation sun dawo da waƙar siyasa: kishi ne ko neman kasuwa?

Mai Gyaran Waya:
Salamu alaikum 'yan gida. Na san mafi yawanmu a nan 'yan hip-hop ne da masu waƙoƙin Indiya, amma yau ku yi haƙuri in kawo wani abu daban. Sati biyu ke nan wani kwastoma ya kawo mini waya in canja mata sikirin. Da na gama sai na kunna don in gwada sifika, waƙar da ya tsaya a kai ta tashi. Farko wani sauti kamar an busa kakaki a ƙofar fada, sai ganguna suka faɗo, sai muryar mace ta hau can sama. Yaron shagona har sukurdireba ya saki. Na duba suna: The Reckoning, ta wasu 'yan Holan da ake kira Within Temptation.

Tun ranar nake bin tarihinsu. Sharon den Adel da Robert Westerholt ne suka kafa ƙungiyar a 1996. Salon kiɗansu shi ne metal mai haɗe da okestra, wato jita mai ruri da ganguna a gefe guda, goge irin na Turawa da 'yan amshi a ɗaya gefen. Bayan kundinsu Hydra na 2014 sai aka ji su shiru. Sharon, wadda ita ce mai rera waƙar, ta ce rubutun waƙa ya tsaya mata cak, har ta koma gefe ta yi nata kundin ita kaɗai, My Indigo, a 2018. Sai a watan Satumban 2018 suka dawo da wannan waƙar tare da Jacoby Shaddix, mawaƙin ƙungiyar Papa Roach, kundin Resist ya biyo baya a Fabrairun 2019. Abin da ya ja hankalina shi ne sun tafi suna waƙar sarauniyar ƙanƙara da daji da mala'iku, sun dawo suna maganar yadda gwamnatoci da kamfanonin intanet ke leƙen rayuwar mutane. Daga nan kuma ba su sake sauka daga kan siyasa ba. Ni dai na ga dawowar ta fi tafiyar. Me kuka gani?

Autan Gida:
Yaya wannan ba shi ne kiɗan da ake cewa na 'yan shan jini ba? Na taɓa kunna irinsa a falo, Hajiyarmu ta fito daga kicin da muciya a hannu tana a'uziyya.

Mai Gyaran Waya:
Auta ka gaishe da Hajiya, tana da uzuri. Wanda ka kunna mata mai gurnani ne. Su ma a kundinsu na farko, Enter na 1997, akwai gurnanin, amma sun daɗe da rage shi.

Malam Tsakuwa:
Wa alaikumus salam. Ni fa ba na saurin yarda da mawaƙin da ya waye gari ya zama ɗan gwagwarmaya. Ruwa ba ya tsami banza. Ku duba shekarar: 2018. A watan Maris na shekarar ne badaƙalar kamfanin Cambridge Analytica ta fashe, aka ce an kwashi bayanan mutum kusan miliyan 87 daga Facebook. A watan Mayu dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai ta fara aiki. Duk jaridar da ka buɗe a Turai maganar ke nan. To mutanen da suka yi shekara huɗu da ɗoriya ba a ji ɗuriyarsu ba, suna neman ƙofar da za su shigo, me za su ɗauka in ba abin da ke tashe ba? Kuma abin dariyar, a ina aka saki waƙar? A YouTube da Spotify. A ina aka tallata ta? A Facebook. Kana zagin mai gida kana kwance a zaurensa.

Bakatsiniya:
Malam, kai yanzu a ina kake rubuta wannan ƙorafin? A kan allo da tawada?

Malam Tsakuwa:
Hajiya ni ban ce ni ɗan tawaye ba ne, ban kuma sayar wa kowa tikiti da sunan tawaye ba.

Baƙon Holan:
Bari in ɗan sa baki tunda shekarata ta takwas ke nan a ƙasar. Malam Tsakuwa ka faɗi gaskiya a kan 2018, amma ka tsallake wani abu na cikin gida. A ranar 21 ga Maris ta shekarar an yi ƙuri'ar raba gardama a nan kan wata doka da ta ba hukumomin leƙen asiri damar tattara bayanan intanet da yawa a lokaci guda. Mutane suka laƙa mata suna sleepwet, kamar ka ce dokar taru, irin tarun da masunta ke ja ya kwaso kifi da kwaɗo da ciyawa gaba ɗaya. Ɗalibai ne ma suka fara tattara sa hannun da ya kai ga ƙuri'ar. Masu cewa a'a suka yi rinjaye da ɗan kaɗan, kashi 49 da ɗoriya a kan kashi 46 da ɗoriya. Amma da yake ƙuri'ar ta shawara ce kawai, gwamnati ta yi 'yan gyare-gyare, dokar ta fara aiki a farkon watan Mayu. Ba na cewa don wannan dokar suka yi kundin. Cewa nake a lokacin maganar ba a jarida kaɗai take ba, a ɗakin shan shayi na wurin aikinmu ma ita ake yi. Mawaƙi kuma a cikin mutanensa yake kwana. In abin da ke damun gari ya dame shi, ban ga inda ya zama wayo ba.

Mai Gyaran Waya:
Kuma Malam, Cambridge Analytica ɗin da ka ambata ai mu ma ta shafe mu. Jaridun Birtaniya sun ruwaito cewa kamfanin ya sa hannu a zaɓen Najeriya na 2015. Ni da nake buɗe wayoyin mutane kullum na san abin da ke ciki. Mutum zai miƙo mini waya ba ko fasuwod, hotunan iyali, alat na banki, komai. In ni talaka mai ɗan teburi ina iya ganin wannan, ina ga wanda ya ƙera manhajar?

Malam Tsakuwa:
To na ji, na bar muku 2018. Mu zo kan abin da ya biyo baya, don a nan gizo ke saƙar. Kundinsu na Oktoban 2023, Bleed Out. Waƙar Wireless a kan sojan da farfaganda ta tura shi yaƙi, kowa ya san Rasha ake nufi. Waƙar da aka sa wa kundin sunanta a kan matan Iran. A 2024 kuma A Fool's Parade da wani mawaƙin Yukren, har da zuwa Kyiv, babban birnin ƙasar, ɗaukar bidiyo. Rasha da Iran. Ku gaya mini, akwai wata ƙasa biyu da ya fi sauƙi Bature ya zaga irin waɗannan? Gwamnatinsa na zaginsu, jaridarsa na zaginsu, shi ma ya zage su a tafa masa. Wace asara ya yi? Yaƙin Sudan ya ɓarke tun Afrilun 2023, wata shida kafin kundin ya fito, miliyoyin mutane sun bar gidajensu. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Ɗan Damagaram:
Malam Tsakuwa ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. In ana maganar jita da siyasa, mu a Nijar ba sai mun tsallaka teku ba. Mdou Moctar ɗanmu ne, Buzu, bahago ne ma a jita, ta farko da ya fara kaɗawa shi ya haɗa ta da kansa da wayar birkin keke. Kundinsa Afrique Victime na 2021, da Funeral for Justice na 2024, a na biyun kai tsaye yake kiran sunan Faransa. Mutumin da ya tashi yana ganin ana kwasar yuraniyom daga Arlit alhali garinsu ba wuta. Kuma a ƙasashen Turawan yake zuwa ya faɗa musu a gaban idonsu. Lokacin juyin mulkin Yulin 2023 suna Amurka suna wasa, aka rufe iyakoki suka maƙale a can. Wannan shi ne wanda siyasar ta taka shi da ƙafarta.

Mai Gyaran Waya:
Ɗan Damagaram ban musa ba, ina jin Mdou, hannunsa ba na wasa ba ne. Amma don wancan ya fi shan wuya ba shi ke nuna wannan ƙarya yake yi ba.

Baƙon Holan:
Malam, maganar Yukren akwai abin da sai ka zauna a nan za ka gane shi. Ranar 17 ga Yulin 2014 aka harbo jirgin Malaysia mai lamba MH17 a gabashin Yukren. Daga Amsterdam ya tashi. Mutum 298 ne a ciki, ba wanda ya tsira, 196 daga cikinsu 'yan Holan ne. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 18 ba a lokacin. A Nuwamban 2022 kotu a nan ta yanke wa mutum uku ɗaurin rai da rai ba sa nan, biyu 'yan Rasha, ɗaya ɗan Yukren mai goyon bayan 'yan aware. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyata, duk watan Yuli sai ta sa furen sunflower a taga, irin wanda ke gonakin da jirgin ya faɗa. Ban taɓa tambayarta wa ta rasa ba, ban ga fuskar tambaya ba. Don haka in ɗan Holan ya yi waƙa a kan Rasha, ba aron ciwo ya yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma na gan su ido da ido. Ƙarshen 2022 a Ziggo Dome ta Amsterdam, zagayen da suka yi tare da ƙungiyar Evanescence wanda korona ta sa aka yi ta ɗagawa tun 2020. Wani abokin aikina ne ya ja ni, ni ban ma san su sosai ba. Zaure mai cin mutum dubu 17. Abin da ya ba ni mamaki ba matasa ba ne suka cika wurin, mutane ne masu furfura da baƙaƙen riguna, wasu da 'ya'yansu an toshe musu kunne. Ganga tana dukanka a ƙirji kamar ana daka a kan haƙarƙarinka. Da aka zo waƙar Raise Your Banner matar ta fito da tutar Yukren tana kaɗawa. Wata mata a gabana ta rufe fuska tana kuka, mijinta ya riƙe ta. Ban san ko 'yar can ba ce. Na dai san wannan kukan ba na talla ba ne.

Malam Tsakuwa:
Kukan matar na gaske ne, ban yi musu ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka mutu cikin Musulmi, ya ba iyalan kowa haƙuri. Maganar jirgin ban haɗa ta da wannan ba a da, na karɓa. To Iran fa? Wane jirgin Holan Iran ta harbo?

Bakatsiniya:
Malam a nan kam ka bar mini. Mahsa Amini shekararta 22. 'Yan sandan ɗa'a suka kama ta a Tehran kan yadda ta sa ɗankwali, ta rasu ranar 16 ga Satumban 2022 tana hannun hukuma. Gwamnati ta ce rashin lafiya ce, iyayenta suka ce ba su yarda ba, kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya ce dukan da ta sha ne sanadi. Ni da nake muku rubutun nan da hijabina har ƙasa, ba wanda ya sa ni, kuma ba wanda zai cire mini. Amma da na ga hoton yarinyar a gadon asibiti, ƙanwata na tuna. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Sai mace ta nemi izinin wa kafin ta yi kukan wata mace? Matan da suka fito titi a Iran ai 'yan Iran ne, ba daga Amsterdam aka yi jigilarsu ba.

Inda zan bi ka shi ne wannan: akwai Turawan da in sun ce 'yancin mace, cire mayafi kawai suke nufi. A Holan ɗin ma ai tun 2019 an hana sa niƙabi a makarantu da asibitoci da motocin haya na gwamnati. In har maganar zaɓi ce, to ta haɗa da wadda ta zaɓi rufewa. Wannan ita ce tambayar da zan so in yi wa Sharon da za mu haɗu.

Baƙon Holan:
Hajiya haka ne, Agustan 2019 dokar ta fara aiki, har da ofisoshin gwamnati.

Autan Gida:
Ni fa na je na leƙa jerin waƙoƙin. Akwai wata sunanta Don't Pray for Me. Wato kar a yi mata addu'a? Wa ke ƙin addu'a fisabilillahi? Ni ko maƙiyina ya ce Allah ya ba ni mota amin zan ce.

Bakatsiniya:
Auta ka ba ni dariya. Ba ka taɓa jin an ce wa mutum “Allah ya shirye ka” da irin muryar da ta fi zagi ciwo ba? Wannan take nufi. Ta yi bayanin cewa a kan masu tilasta wa wasu aƙidarsu ne. Ban ce na yarda da duk abin da ke cikin kanta ba, akwai inda muka raba hanya nesa ba kusa ba, amma wannan gaɓar na gane ta.

Sarkin Shakka:
Ku duk kuna ta jayayya a kan halal ɗin abin da asalinsa ma akwai magana. Kiɗa fa.

Kawu Mai Gida:
Sarkin Shakka, wannan muhawarar mun yi ta sau uku a gidan nan, kowa ya kawo malaminsa, ba wanda ya motsa. Mai so ya koma can. A nan a tsaya kan abin da aka buɗe. Na gode.

Ɗan Damagaram:
Ni wani abu ne ma ya ɓata mini rai da su wanda ba wanda ya ambata. Bidiyon Wireless da na Bleed Out da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa su. Mutanen da a 2019 suke gargaɗin cewa na'ura za ta mallake mu, shekara huɗu bayan nan sun ba na'ura aikin da masu zane za su ci abinci da shi. Wannan fa?

Mai Gyaran Waya:
Wannan kam ba ni da amsa, ni ma ta tsaya mini a wuya. Masoyansu da yawa sun yi ƙorafin. Na kalli bidiyon, fuskoki suna narkewa suna canjawa kamar mafarkin mai zazzaɓi. Bai burge ni ba.

Amma Malam Tsakuwa, bari in dawo kanka, don tun jiya nake juya maganarka ina aiki har na kusa ƙona bod ɗin wani. Ka ce wace asara suka yi. Rasha fa babbar kasuwa ce ga masu irin wannan kiɗan, su ma sun sha zuwa wasa can kafin yaƙi. Wanda ya je Kyiv ya ɗauki bidiyo ya san ya rufe wa kansa waccan ƙofar. Kuɗin waƙar A Fool's Parade kuma ga wata gidauniyar agaji ta mawaƙan Yukren suka ce ya tafi, Music Saves UA. Sannan ka kwatanta da abin da muka saba. Mu a nan in ka ji waƙar siyasa, tambayar farko ita ce wa ya biya. Mawaƙi ya wasa ɗan takara bana, baɗi a ji shi yana yi masa habaici don an canja mai ba da mota. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Waɗannan ba jam'iyyar da ta ɗauke su haya, Bleed Out ma a ƙarƙashin kamfaninsu na kansu suka fitar. Za ka iya cewa ganinsu gajere ne, iya unguwarsu suke hangowa. Wannan na yarda. Amma gajeren gani daban, sayar da baki daban.

Malam Tsakuwa:
Kar ka yi wa mawaƙanmu kuɗin goro. Kafin zamanin kyautar mota an yi mutane irin Sa'adu Zungur da mawaƙan NEPU, waɗanda waƙa ba ta kawo musu komai sai fushin masu mulki. Fela kuma a 1977 sojoji suka ƙona masa gida, aka jefo mahaifiyarsa ta taga. Da wannan mudun nake awo. Shi ya sa in aka ce mini wani a Turai ya yi jarumtaka don ya kaɗa tuta a gaban mutum dubu 17 da duk ra'ayinsu ɗaya da nasa, sai in ga abin bai cika mudu ba.

Bakatsiniya:
To Malam in sai an ƙona wa mutum gida za a yarda da shi, ai mawaƙan gaskiya a duniya ba za su cika motar haya ɗaya ba.

Malam Tsakuwa:
Da ma ba su cika ba Hajiya.

Baƙon Holan:
Ni ban ce jarumai ba ne. Mutane ne da suka haura hamsin, suna da 'ya'ya, Robert ma tun 2011 ya daina bin su yawon wasa ya zauna gida da yara yana rubuta waƙa. Suna iya ci gaba da rera tsohuwar waƙarsu Ice Queen har su tsufa ana cika musu zaure, ba mai cewa don me. Tsofaffin masoyansu ma akwai masu cewa a mayar musu da goge da 'yan amshi irin na wasan Black Symphony da suka yi da Metropole Orkest a Rotterdam a 2008, wai sabon sautin ya cika na'ura. Abokin nawa da ya kai ni yana cikinsu, duk hanyar dawowa a jirgin ƙasa mita yake yi.

Autan Gida:
Na je na ji The Reckoning ɗin da iyafis. Gaskiya farkon nan kamar hawan daushe. Yaya Mai Gyara wacce zan ji ta biyu, wadda Hajiya ba za ta fito da muciya ba?

Mai Gyaran Waya:
Fara da Ice Queen ka ji inda suka fito, sai ka bi da Wireless ka ji inda suka je. Amma ka bar iyafis ɗin a kunne.

Malam Tsakuwa:
Ku turo mini wadda aka yi da okestra a Rotterdam ɗin. Ba don na sauka daga kan maganata ba, gogen nake so in ji.